Motar Kawu Ba Ta Tari a Gaban Bakanike

Zuwa ga Sifana,

Gaisuwa tukuna, faɗa ya biyo baya. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran da ban taɓa sa wa ido ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa, ita ma ta gaji da ƙorafi ta yi shiru. Auta tana gaishe ka. Ba ta ce in gaishe ka ba, amma 'yata ce, na san da na tambaye ta za ta ce.

Na ba Dogo wannan takarda domin babbar motarsa tana bi ta garejin kamfaninku. Kada ka ce don me ban buga waya ba. Maganar waya iska ce, mutum ya faɗa yau, gobe ya rantse bai faɗa ba. Ni ban taɓa zama a aji ba, a jikin manyan motoci na koyi baƙaƙe lokacin ina direba, amma abin da na rubuta ina tsayawa a kansa.

Ba kewarka ce ta sa na rubuto ba, kada kanka ya kumbura. Motata ce, ita dai wadda ka sani, wadda ka koyi kwance taya a jikinta. Ga abin da take yi. In tashe ta da safe, bugu ɗaya ta tashi. In fita, injin ya ɗan yi ɗumi, in zo mahaɗar hanya in taka birki, sai ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Sitiyari yana rawa a hannuna, injin yana tari, wani lokaci ta mutu murus a tsakiyar titi, yaran da aka haifa jiya suna danna mini hon. Sai wata fitila rawaya ta kama a gabana. Washegari kuwa kamar ba ita ba. Ta yi kwanaki tana tafiya sumul, fitilar ta mutu don kanta, har in ce ta warke, sannan ta zaɓi ranar da mutane suka fi yawa ta kunyata ni.

Na kai ta wurin bakaniken bayan kasuwa har na gaji. Da ta hango ƙofar garejinsa sai ta natsu, ko tari ɗaya ba ta yi. Yana kallona kamar ni ne mai ciwon. Ya canza fulogi, ya canza filta, ya zagi masu sayar da fetur. A ƙarshe ya aro wata na'ura ya jona mata, wai ta ce bawul ɗin hayaƙi ne. Wai akwai wani bawul da yake maido da hayaƙin salansa cikin injin ya sake ƙonewa. Na ce wane marar aikin yi ne ya zauna ya ƙera injin da zai riƙa cin kashinsa? Shi ma bai sani ba.

An ce kai yanzu babba ne a wurinku, har na ƙasa da kai gare ka. To ga ranar amfaninka ta zo. Kakanka da ubana ciki ɗaya suka fito. Shekarun da ka yi a gidana kana kwana da sifana a ƙarƙashin filo har sunan ya bi ka, ban taɓa ƙirga maka loma ba. Ranar da aka binne matata takarda ka aiko, ban ce komai ba. Jak ɗin ɗaga mota da ubanka ya ara bai dawo ba har ya koma ga Allah, shi ma ban ce komai ba. Ka rubuto mini maganin wannan mota.

Kawunka.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi wa gwiwa sannu. Matata ta durƙusa tana gaisuwa. Na yi murna da ganin rubutunka, har ya ƙara girma fiye da da, daga nesa ma ana karantawa. Maganar rasuwar Inna, ba ni da bakin kare kaina. Jak kuma, Kawu, ina ɗan ƙarami aka yi wannan aro.

Bakaniken bai yi ƙarya ba. Bawul ɗin yana nan a gefen injin, yana buɗewa kaɗan in mota ta yi zafi tana tafiya, don injin ya rage zafin ƙuna. In ta tsaya dole ya rufe ruf. Idan kunkunniya ta taru a bakinsa, wani lokaci ya rufe, wani lokaci ɓarɓashi ya tokare shi ya bar shi a buɗe. Ranar da ya tokare, hayaƙi ya cika injin, ita ce ranar kakkarwa. Ranar da ɓarɓashin ya faɗi, sai ta zama ta kirki. Shi ya sa take yi wa bakanike ladabi.

Amma kafin a kwance komai, ka gwada abu biyu. Akwai siririn tiyo na roba da yake shiga kan bawul ɗin, ka bi shi da yatsa ka ji ko ya tsage. Sannan ranar da ta fara kakkarwa, kada ka kashe ta. Ka buɗe bonet ka ɗan ƙwanƙwasa jikin bawul ɗin da gindin sifana, a hankali. In ta natsu nan take, mun kama ɓarawo.

Ina da tambaya kuma, Kawu. Ina da ina kake zuwa da ita yanzu, kuma a wace giya? Yaushe rabonka da kai ta gona? Na tambaya ne don irin wannan kunkunniya ba ta cika taruwa a motar da ake gudu da ita ba. Gajeriyar tafiya a hankali ita take kawo ta. Wannan mota tana son wanda zai ja ta a doguwar hanya ta yi zafi sosai.

Ɗanka, Sifana.

*

Sifana,

Muna lafiya. Za ka ga hannu ya canza. Tela maƙwabcina ne yake rubutawa ina faɗa, saboda yatsuna suna ciwo, ba don wani abu ba. Na gargaɗe shi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi wa maganata kalmasa kamar bakin riga.

Na sa ya maimaita mini layinka na ƙarshe har sau nawa. Wai mota tana son wanda zai ja ta a doguwar hanya. Wane ne wannan wanda? Kai ne? Tun ina da rai har an fara auna kujerata? In motar kake so ka fito fili ka roƙa in hana ka, ba sai ka biyo ta salansa ba. Ni da na kwana a hanya fiye da yadda ka kwana a gado, ni za a koya wa doguwar hanya?

Tela ya ce in sassauta. Na ce ya rubuta cewa ya faɗa, kuma ban sassauta ba.

Yanzu aikinka. Tiyon na bi shi da yatsa tun daga kai har gindi, lafiyarsa ƙalau. Shekaranjiya kuma ta yi halinta a gaban shagon mai gyaran takalma. Na bar ta tana kakkarwa, na fito na buɗe bonet, na lalubo bawul ɗin na ba shi ɗaya da gindin sifana. Wallahi kamar an ɗauke mata aljani. Ta yi luf. Mai gyaran takalma ya tafa mini. Wannan kam ka iya, ban hana ka ba.

Tambayarka ta ina nake zuwa, ba ta shafe ka ba, amma zan amsa don kada ka ce na ɓoye. Kullum da hantsi ina zuwa bencin tsofaffin direbobi a bakin tasha, mu sha shayi mu zagi tuƙin yaran yanzu, in dawo kafin rana ta karkata ta riƙa dukan gilashi. A giya ta biyu nake tafiya. Ba tsoro ba ne. Garin ne ya lalace. Masu babur suna ɓullowa daga ƙasa kamar ƙwari, ba ka ganin mutum sai yana kan bonet ɗinka. Allunan hanya kuma an mai da rubutunsu ƙanana don rowar fenti. Ko ƙofar gidana ba a bari ba, tun da mijin Auta ya sa aka gyara ta ta tsuke, har ta kankare mini gefen mota hagu da dama, shi kuma yana rantsuwa bai taɓa faɗinta ba.

Gona kuwa ba guduwa za ta yi ba. Rabona da ita tun kafin ruwan bara. Akwai mai kula da ita. Zan je ranar da na ga dama.

To ga amsa ka samu. Faɗi abin da za a yi wa bawul.

Kawunka, wanda bai mutu ba tukuna.

*

Zuwa ga Kawu,

Allah ya huci zuciyarka. Wallahi ban nufi kaina ba. Motar da nake hawa ta kamfani ce, ko wurin ajiye wata ba ni da shi. A gaishe da Tela, hannunsa yana da kyau.

Gwajin da ka yi ya nuna bawul ɗin ne. A kira bakanike ya zo gida ya kwance shi, ya tafi da shi ya jiƙa, ya kankare kunkunniyar, ya share hanyar da hayaƙin yake bi. Sai dai bawul da ya kai wannan shekaru ba lalle wanki ya ishe shi ba. Kada ka wahalar da kanka nema a kasuwa, na jabu sun yi yawa. Ni zan nemo maka sabo na asali in aiko. Abu ɗaya nake roƙo: kada motar ta fita sai saƙona ya iso. Ka bar mini wannan, Kawu. Ka yi mini da yawa.

Ɗanka, Sifana.

*

Ɗana Sifana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aiki yana sauƙi. A shafa mini kan yaran. Gwiwa ta tashi daga barci tun da na koma tafiya da ƙafa, amma ba komai.

Takardarka ta wanke mini rai. Na sa Tela ya karanta ta a bencin tasha a gaban kowa, wurin da ka ce na yi maka da yawa. Akwai wani a cikinmu da 'ya'yansa suka sayar da motarsa yana kwance a asibiti, shi ya fara sunkuyar da kai. Na ce musu ku duba, wannan ba ni na haife shi ba, amma ya san hannun da ya riƙe shi. Maganar da na yi maka ta auna kujera, a bar ta. Ban ce na janye ba, na ce a bar ta.

Bakanike ya zo ya kwance bawul ɗin a gabana. Kafin ya tafi da shi na karɓa na yi masa zane da ƙusa a gindi, layi biyu da gicciye, don na san halin garejin bayan kasuwa, ka kai naka a ba ka na wani. Ya dawo ya ce wanki bai yi ba, bawul ya mutu, sai dai sabo. Na ce ai ɗana ya riga ya faɗa.

Motar tana tsakar gida, na lulluɓe ta da tampol. Da safe ina ɗagawa in goge gilashi. Auta ta zama mai kirki kwanan nan, kullum tana tambaya ko a kai ni wani wuri, mijinta ma har da buɗe mini ƙofar motarsa. Na ce su riƙe abarsu, tawa tana hanya.

Dogo ya wuce har sau biyu hannu wofi. Ya ce ka ce ana nema. Na san abin asali yana da wuyar samu. Ba gaggawa nake maka ba, amma damina ta kusa, ina so in kai ta gona kamar yadda ka ce.

Kawunka.

*

Kai,

Babu gaisuwa. Tela ya ce ba a fara takarda haka. Na ce yau an fara.

Jiya na gaji da jira na taka har garejin bayan kasuwa, in tambaya ko akwai wani tsohon bawul da za a ɗaura mini kafin naka ya zo. Bakanike yana ƙarƙashin wata mota, ya ce in zauna. Na zauna a benci na miƙa hannu in jingina sandata a kanta, hannuna ya faɗa cikin wani gwangwanin madara. Na ji ƙarfe a naɗe da tsumma. Ka san hannun direba ba ya zama shiru. Na warware, na shafa gindinsa. Layi biyu da gicciye.

Bawul ɗina ne, Sifana. Wanda ya mutu. An wanke shi tas, ko ɗigon kunkunniya babu, sai ƙanshin kananzir. Na danna cikinsa da babban yatsa, ya shiga ya dawo sumul kamar ranar da aka ƙera shi. Ga kusoshinsa a gwangwanin, ga sabon gaskit na toshe bakinsa an ajiye masa.

Na ce, bakanike, fito. Ya fito yana goge hannu, ya gan shi a cinyata, sai ya kama goge hannun da ya riga ya goge. Na ce, gawa ce wannan? Ya ce, Baba, ka yi haƙuri. Na ce ban tambaye ka haƙuri ba, gawa ce? Ya ce, Baba, lafiyarsa ƙalau tun ranar da na wanke. Ɗanka na kamfani ne ya bugo mini waya, shi da Auta, suka ce in riƙe in ce ya mutu. Wai idonka.

Wai idona.

Ashe kana da waya. Ashe bakinka yana aiki. Ni kake aiko wa takarda mai zaƙi ta hannun Dogo, bakanike kuma kana kiransa a kunne. Na tambaye ka ciwon mota, ka yi mini tambayoyi kamar likita, na buɗe ciki na gaya maka giyar da nake sawa da inda ƙofa ta kankare ni, ashe ba motar kake aunawa ba, ni kake aunawa. Ka kwashe maganata ka kai wa 'yar da na haifa. Kuka zauna, kai da ita da mijinta mai buɗe ƙofa, kuka yanke yadda za a yi da tsoho, kamar akuyar da za a ɗaure kada ta shiga gonar mutane.

Sabon bawul na asali! Ko nemansa ka taɓa yi? Ni kuwa na tsaya a bakin tasha ina taƙama da kai. Na sa an karanta ƙaryarka da ƙarfi a gaban mutanen da muka yi shekaru muna raba hanya da su. Wanda 'ya'yansa suka sayar da motarsa, shi aƙalla yana kwance bai sani ba. Ni ina tsaye, ina goge gilashi kowace safiya.

Auta ta yi kuka, ta ce don ni aka yi. Ita na san da ita, tun tana goye take tsoron mota. Kai fa? Kai da na ɗora hannunka a kan sitiyari?

Na taho da gwangwanin gaba ɗaya. Kusoshi biyu ne da tiyo ɗaya, ko a cikin buhu aka sa ni zan ɗaura. Kuma takardarka ta farko tana aljihuna, inda ka rubuta da hannunka cewa motar tana son doguwar hanya ta yi zafi sosai. Wannan ba a waya ka faɗa ba, ba ka da damar musu. Maganin da ka rubuta shi zan ba ta.

*

Zuwa ga Kawu,

Na roƙi direban wata mota ya kawo wannan, ban jira Dogo ba. Na buga wayar Auta ka ƙi karɓa. Don Allah, don darajar Inna, kada ka hau babbar hanya.

Ban musa ba. Ni na kira bakanike, ni na ce ya riƙe. Sabon bawul ban nema ba, don naka ba ya buƙatar canji. Na yi maka ƙarya, kuma na san ka sa an karanta ta a tasha, wannan ya fi komai ƙona ni.

Amma Kawu, ka sa Tela ya karanta maka taka takardar. Mutum ba ka ganinsa sai yana kan bonet. Alluna sun ƙanƙance. Ƙofar da ka shekara da shekaru kana shiga da baya ba tare da ka waiwaya ba, yau ta kankare ka hagu da dama. Rubutunka ya yi girma, sannan ya ɓace. Da na kira Auta ban gaya mata sabon abu ba. Ta ce ta yi maka maganar asibitin ido ka yi wata ba ka amsa gaisuwarta ba. Ta ce kullum ka fita tana tsaye a bakin ƙofa har ka dawo.

Ka ce in fito fili. Kawu, wa ya taɓa fitowa fili a gabanka ya koma da fatarsa? Na ji tsoronka, gaskiyar ke nan. Ina da furfura a gemu amma na ji tsoronka kamar ranar da na ɓatar maka da sifana mai lamba goma. Na ce in motar ta kwanta, ƙila ka yarda a duba idon, in yanar ido ce a cire, ka koma tuƙinka, ba wanda ya ji kunya.

Layin doguwar hanya na rubuta shi kafin in gane. Na janye shi. Ka zage ni yadda kake so, amma ka bar makullin a aljihu.

Ɗanka, ko ka ƙi,
Sifana.

*

Sifana,

Muna raye. Takardarka ta iso bayan an gama, direban da ka ba wa ita ya kwana biyu a hanya da faci.

Na ɗaura bawul ɗin da hannuna, Tela yana miƙo sifana. Bugu ɗaya ta tashi. Na ce ya shiga mu je gona. Ya ce yana da ɗinkin mutane. Na ce shekara nawa ina jin ƙarar kekenka ta bango ban kai ƙara ba, shiga. Ya shiga yana addu'a.

Cikin gari lafiya. Tela yana cewa ga babur, ga rami, ina ce masa na gani. Muka hau babbar hanya na sa giya ta uku, na sa ta huɗu. Rabon da in ji wannan murya tata har na manta. Ta buɗe ƙirji tana shan hanya, iska tana shigowa, na ce Tela ka ji yadda mota take? Ya riƙe kujera da hannu biyu.

Wajen gadar nan ta kafin gona akwai inuwar bishiyoyi a gefen titi. Na ga inuwa, na bi ta gefenta. Tela ya ƙwala ihu. Na taka birki har ƙasa, na ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ɗaya daga cikin inuwar mutum ne a kan keke.

Tayarsa ta baya na taɓa. Ya faɗa cikin ciyawa, gwiwar hannunsa ta ɗaye, keken ya lanƙwashe. Allah ya tsare, iyakarta ke nan. Na fito na nufe shi. Tsoho ne sa'ana, da buhun ciyawar awaki a baya. Na jira zagi, na ma shirya nawa. Bai zage ni ba. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya matso har ina jin numfashinsa, ya leƙa fuskata. Ya ce, Malam, ai kai ba ka gani. Yana ce a idonka, duka biyun. Irinta aka cire mini bara. Wa ya bar ka ka hau hanya?

Haka kawai. A tsakiyar titi, a gaban Tela, da jini a hannunsa. Ban mutu ba, Sifana. Ban ci shi da duka ba, ƙasa ba ta tsage ba. Mutumin da bai san sunana ba, bai taɓa cin loma a gidana ba, ya dube ni ya faɗa mini kamar ni babba ne mai hankali. Kai kuma ka ce tsoro. Da ka rubuto ka ce Kawu idonka ya tafi, da na zage ka, na zagi ubanka da jak ɗinsa, na yi wata uku ban amsa ba. To sai me? Zagina ne ya fi ƙarfinka, har ka gwammace ka sa bakaniken bayan kasuwa ya riƙa kallona yana danne dariya?

Duk wannan abin da ake yi motar tana tsaye a kunne, na manta ban kashe ta ba. Ko kakkarwa ɗaya. Fitilar ba ta kama ba, har yau ba ta sake kamawa ba. Aikinka ya yi kyau. Tela, rubuta wannan, kada a ce na danne masa.

Tela ya kira mijin Auta ya zo ya tuƙa motar. Muka kai mai keken aka wanke masa ciwo, muka sa kekensa a but ɗin mota. Ni a kujerar baya na zauna. Ban taɓa sanin haka bayan motata yake ba, ashe akwai tsagewa a rufin.

Makulli yana wurin Auta. Kada ka ɗauka ba ta na yi. A jikin mota na bar shi na shige ɗaki. Bencin tasha kuma ban koma ba, ban san da wace fuska zan zauna kusa da mutumin da na sa ya sunkuyar da kai ba.

Mai keken ya zo duba ni da hannunsa a naɗe. Ya ce ya san ƙofar da ake bi a asibitin ido da layin da ya fi sauri, zai raka ni ranar da likitan yake zama. Auta ta ce za ta kai mu a mota. Na ce motar haya tana nan. In an cire yanar na ga hanya, to. In ban gani ba, to. Ko wanne ne, ba kai za a aiko wa labari ba.

Dogo yana waje yana jira. Ya tambaya ko in ya kai maka ya tsaya karɓar amsa. Na ce ya wuce.